Jerin Ƙasa a Bakin Rijiyar Garu

Da sunan Allah, wanda ya ba mu aron rai, kuma yake karɓar abinsa a sa'ar da ya so, babu mai tambayarsa dalili. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa, da sahabbansa.

Bayan haka: yayana, wanda muke ciki ɗaya da shi, ya rasu a gidanmu na gado da ke Illela, ranar Laraba da hantsi, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Muka yi masa sutura kafin azahar. Na ɗauki alƙalami ne saboda jikokinmu, waɗanda za su tashi su ji ana cewa kakansu ma'aikacin rijiya ne, su zaci iyakar labarin ke nan.

A kwanakin zaman makoki na zauna a zaure ina karɓar gaisuwa, ina sauraron abin da kowa ke faɗa a kansa, har na ga kamar ba mutum ɗaya muka binne ba. Ɗaliban mahaifinmu, waɗanda yanzu kowannensu yana da zauren karatunsa, suka zo cikin manyan riguna, suka yi addu'a mai tsawo. Babbansu ya matso kusa da ni ya ce, "Mu mun yi rashinshi tun ranar da ya aje littahi ya ɗauki igiya. Wanga na biyu ne." Fatake daga Ƙonni suka zo. Su abin da suka riƙe shi ne bai taɓa zama a rumfar kowa ya yi doguwar hira ba, amma bai taɓa jin mutum na kwance ya wuce bai duba shi ba. Wata tsohuwa ta tako da ƙafa tun daga Lafani, ta tsaya a ƙofar gida, ta ɗaga murya ta ce, "Allah shi ji ƙan mutumen ga mai gardama!" Waɗansu suka ɓata rai. Ni na san yabo take yi.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne direban injin haƙa, wani Bagobiri mai faɗin ƙirji, wanda suka yi shekaru suna aiki tare. Ya shigo da kayan aiki a jikinsa, duk baƙin mai, ya durƙusa a gabana. Ya ce mini, "Malam, yanzu wa za ya ƙara ce mani ban gani daidai ba?" Ya rufe fuska da hannuwa biyu, sai da aka kama shi aka fitar.

Yaya shi ne babba a ɗakinmu, kuma shi mahaifinmu ya sa wa rai zai gaje shi a makaranta. Ya yi sauka tun yana ƙarami, ya karanta fiƙihu da nahawu, amma abin da ya fi shiga ransa shi ne ilimin tantance ruwaya: wane ne ya ji daga wane, shin sun taɓa haɗuwa, mai ba da labarin yana da riƙo ko kuwa mai mantuwa ne. Sai aka yi wata shekara ta fari, rijiyar unguwarmu ta ƙafe. Aka fara haƙa sabuwa, ta rufta da wani magidanci a ciki. Da aka bincika, sai aka tarar wanda ya ce ƙasar wurin mai tauri ce bai taɓa ganinta ba. Daga bakin wani ya ji. Bayan mun dawo daga maƙabarta, Yaya ya je ya shiga cikin ma'aikatan rijiyoyi na gwamnati.

Mahaifinmu ya yi fushin da ban taɓa ganin irinsa ba. Ya ce, "Ka bar tawada ka koma taɓo?"

Yaya yana durƙushe, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, littahin da ka hwara koya muna, babinshi na hwarko na ruwa ne."

Mahaifinmu ya tashi ya shige cikin gida. Bai ƙara amsa gaisuwarsa ba sai da azumi ya kewayo. Amma daga baya na lura, duk sa'ad da ya zo babin tsarki da ɗalibai, yakan daɗe a wurin fiye da da.

Yaya ya yi shekaru masu yawa a rijiyoyin hannu. Da aka sami mulkin kai, sai injinan haƙa burtsatse suka fara zuwa ƙasarmu, shi kuwa a lokacin gemunsa ya yi fari, aka ɗora shi a kan aikin duba bayanin rami. Ya kamata in bayyana wannan aiki, domin ko a gidanmu ba kowa ya gane shi ba. Ramin burtsatse bai fi faɗin akushi ba, mutum ba ya shigarsa, ido ba ya ganin cikinsa. Inji yana murza sandunan ƙarfe ƙasa, ana ɗaura wata a kan wata, laka tana fitowa ɗauke da ƙasar da aka niƙa. Duk sanda ɗaya da ta nutse, sai a tace cikin hannu ɗaya na ƙasar, a wanke, a ajiye tsibi a fili sharare. Ana jera tsibin goma-goma, jeri a ƙarƙashin jeri, kamar layukan rubutu. Wanda ya iya karatunsu zai ce a nan marmara take, a nan yumɓu, a nan rairayi mai ruwa. Idan an gama haƙa, sai a zura bututu, kuma a cikinsa akwai wani yanki gajere mai ƙananan ƙofofi da suke kira rariya. Dole ne rariyar ta tsaya daidai da rairayin nan. Idan ta tsaya a yumɓu, an yi rami, ba a yi rijiya ba. Kuma da zarar an zuba tsakuwa an danne bututun, ba ya ciruwa.

Aikin Yaya shi ne ya ce, "Ga inda rairayin yake, na tabbatar." Ba a zura bututu sai ya faɗi haka.

Yakan ce shaidun rami uku ne. Na farko tsibin ƙasa. Na biyu hannun direba, wanda ke jin inda sanda ta yi gardama da inda ta zurma. Na uku wata na'ura da injiniya ke zurawa da doguwar waya, tana zana layi mai karkace-karkace a kan takarda, ya kumbura a wurin rairayi, ya lafa a wurin yumɓu. Ba ya karɓar shaidar ɗaya sai ya ji ta bakin sauran. Idan ma'aikaci ya ce masa "an ce", sai ya waiga hagu da dama ya ce, "Ina shi An ɗin? Kira mani shi." Yana murza ƙasa tsakanin yatsu, ya sansana, wani lokaci ya ɗora a harshe. Matarsa takan ce ita kaɗai ce a Illela take dafa wa mutumin da ya riga ya ci ƙasa ya ƙoshi.

Wata rana ya shigo ɗakin karatuna ya kwance bakin rawaninsa, ya zube mini waɗansu ɓawon katantanwa da suka zama dutse, da wani abu mai tsini da ya ce haƙorin kifi ne. Ya ce daga can ƙarƙashin farar ƙasa suka fito. Injiniyan da suke aiki tare, wani saurayi Bayarabe mai ladabi da ke kiransa Baba Malam, ya gaya masa a zamanin da babu ɗan Adam teku ne a shimfiɗe a nan, daga inda muke zaune har bayan Ƙonni. Na yi ta juya abin a hannuna, ina tunanin ikon wanda ya mai da gidan kifi gonar gero. Yaya ya ce injiniyan ya ƙara da cewa a ƙasashen Turawa har an fara ɗora inji a kan jirgin ruwa, ana huda ƙasan teku. Na tambaye shi abin da ya ce da ya ji haka. Ya ce, "Tambaya ɗaya na yi mishi: su ma suna da mai duba musu? Rami cikin ruwa, jirgi na rawa, waya na miƙewa. In ba mai gardama cikinsu, sun rubuta ƙarya ba su sani ba."

Abin da nake so jikokinmu su riƙe ya faru ne a Garu, da bazarar da ta gabaci damina biyu da suka wuce.

Dagacin Garu surukin Yaya ne, mahaifin matarsa, dattijo mai kwarjini wanda ya daɗe yana roƙon a kawo wa garinsa inji. Da abin ya tabbata, ya sa mutanen gari suka fito aikin gayya, ya kuma ba ƙanensa, wanda matar Yaya ke kira Baffa, girman taya ma'aikata tsibin ƙasa, tun da shi tsohon mahaƙin rijiya ne, ya san yumɓu ya san rairayi. Yaya ya ga an fara lafiya, sai ya wuce Lafani inda ake jiransa a wani ramin. Kafin ya dawo an kusa gama haƙa. Dagaci kuwa ya riga ya aika wa wani babban ɗan majalisa cewa ya zo ranar kasuwa ya buɗe ruwa. An ɗaure rago, an gaya wa makaɗa, an sanar da hakimi. Ni ma aka aiko mini in zo in yi addu'a, shi ya sa duk abin da zan faɗa a gaban idona aka yi shi.

Yaya ya tsuguna a gaban jerin ƙasar tun da safe, yana bi ɗaya bayan ɗaya. A wani jeri na can ƙasa ya tarar da rairayi mai kyau, mai tsakuwa-tsakuwa, a farkon jerin. Ya kira direba ya ce, "A nan sanda ta zurma maka?"

Direba ya ƙirga da yatsu ya ce, "A'a, Baba. Sai can wajen ƙarshen goman ga."

"Ka tabbata, ko zahin rana ya ƙirga maka?"

"Wallahi hannuna ya ji. Amma ka san yumɓu mai laushi ma shina zurmawa. Ba ni rantsewa nan za a sa rariya."

Tsakanin abin da ƙasa ta nuna da abin da direba ya ji akwai tazarar da ta fi tsawon rariyar nesa ba kusa ba. Kuma rariya ɗaya ce tak aka ba Garu.

Yaya bai tuhumi kowa ba. Ya ce a ƙara sanda ɗaya ko biyu a ƙasan ramin, ya koma gindin wata aduwa ya zauna yana kallo. Aka tace ƙasa, Baffa ya karɓa, ya zo zai buɗe sabon jeri. Ya yi bisimilla, ya taka zuwa hannun dama, ya ajiye. Ƙa'idar aikin kuwa, yadda Turawa suka kafa ta, daga hagu ake farawa.

Yaya ya tashi a hankali ya je ya rusuna ya ce, "Baffa, kullum ta nan kake hwarawa?"

Tsohon ya dube shi da mamaki. "To da hagu za ni hwara abin alheri? Ruwan da za a yi alwala da shi?"

"Gaskiya ne, Baffa. Waɗanne jeruka ne naka?"

"Mi na sani? Karɓa-karɓa munka yi da mutanen inji. Wani in hwara su ƙare, wani su hwara in ƙare. In sun tahi cin abinci ni ne, in na tahi salla su ne."

Yaya ya yi masa godiya, ya yaba tsabtar wankin ƙasarsa. Ban rubuta wannan ba sai da Baffa da kansa ya ce in rubuta.

Da muka keɓe, Yaya ya ce mini shaida ta farko ta faɗi. Ba a san jerin da ya tafi dama da wanda ya tafi hagu ba, waɗansu ma sun haɗu a tsakiya. Shaida ta biyu ita kaɗai ce, kuma mai ita bai yarda ya rantse ba. Saura na'ura, ita kuwa tana tare da injiniya a wani aiki can kudu da Sakkwato, ba za ta iso ba sai bayan ranar kasuwa. Direba ya gargaɗe shi cewa ramin da ba bututu ba ya son jira. Yana iya tsukewa ko ya rufta, kuma inji zai bar yankin kafin ruwan farko. Yaya ya ce ya ji. Ya ce a ci gaba da kewaya laka a ramin safe da yamma don ta riƙe bangonsa, a aika a kira injiniya. Ba za a zura bututu ba.

Sai batun gaya wa dagaci. Kowa ya san suruki ba ya tsayawa gaban surukinsa ya yi musu. Yaya tun da ya auri ɗiyar gidan bai taɓa cin abinci ko shan ruwa a gaban dattijon ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba, ko sunan garin nan, da yake da shi ake kiran dagaci, ba ya faɗa da ƙarfi in yana kusa. Don haka ya tuɓe takalma ya zauna a waje jikin bangon zaure, ni na shiga na isar da saƙo.

Dagaci ya saurara har na gama. Ya ce, "Malam, rairayin ga, ba a gan shi ba?"

Na ce an gani, ranka ya daɗe.

"Ruwa na cikin ramin ko babu?"

Na ce ana kyautata zaton akwai.

"To mi ya rage? Na tara mutane. Na aika ma hakimi. Tahi ka ce mishi, ni da na ba shi ɗiya ban ce sai na'ura ta zo daga Sakkwato ta auna shi ba."

Na fita na faɗa wa Yaya, ko da yake ya ji da kunnensa, domin tsakaninsu bai wuce kaurin bango ba. Ya ce, "Ka ce ina neman gahwara. Ka ce in na zura yau, watakila a sha ruwa ran kasuwa, watakila kuma garin ga shi zauna da bututun ƙarhe busasshe har jikoki. Ban san wanne ba ne. Abin da ban sani ba, ba ni cewa na tabbatar."

Na koma na faɗa. Dattijon ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "To wa ya ɓata lissahin? A hwaɗa mani sunanshi. In cikin mutanena ne, yau ya bar garin ga."

Na fita. Yaya ya ce, "Ka ce ni ne."

Na tsuguna kusa da shi na rage murya. Na ce, "Yaya, wannan fa ba ya halatta. Kai ka koya mini cewa ba a sauya shaida don a faranta wa wani."

Ya ce, "Ban sauya komi ba. Baffa ya yi abin da anka koya mishi tun shina goye: dama kahin hagu. Ni na san ƙa'idar aikin ta saɓa ma wannan, na san mutanenmu, na tahi Lahwani ban hwaɗa ba. In malami ya ba da allo bai nuna inda za a hwara ba, wa za a buga?"

Na yi ta juya maganar ta fuskar fiƙihu ina neman inda zan kama shi, ban samu ba. Na shiga na ce, "Ya ce shi ne."

Dagaci ya ce, "To shi ya ɓata, kuma shi za ya hana a gyara. Madalla da suruki."

Daga ranar ya daina amsa gaisuwar Yaya. Matar Yaya ta zo daga Illela da ta ji labari, ta sauka a gidan mahaifinta, tana dafa abinci ta raba biyu, ɗaya zaure, ɗaya gindin aduwa. Na tambaye ta ko ta yi wa mijinta magana. Ta ce, "Malam, na zauna da babana na zauna da yayanka. Da in lallashi ɗayansu gara in lallashi injin can."

Ranar kasuwa ta zo. Motar babban baƙo ta tsaya a bakin gari, aka gaya masa babu ruwa, bai ko sauko ba, ya wuce wani ƙauye. Hakimi ya aiko da magana mai zafi. Makaɗan da aka tara suka ƙi tafiya hannu wofi, suka juya waƙarsu ta zama zambo a kan malamin da ya karanta ƙasa ya kasa karanta ruwa. Mata masu dawowa daga fadama da tuluna a ka sukan bi ta gaban aduwar, ba don hanya ta bi ta nan ba. Ɗayarsu ta ce, "Sannu da hutawa, Malam. Mu dai wuyanmu ya tabbatar." Yaya ya amsa mata da sannu. Na ga dagaci a ranar yana komawa gida shi kaɗai, rawaninsa na bikin a kansa, kuma na ji tausayinsa ƙwarai, domin shi ma ba don kansa ya nemi ruwan ba. Ba zan ɓoye ba, a ranar ni kaina ban tabbata Yaya ya yi daidai ba. Hadari ya fara haɗuwa a gabas da la'asar, direba kuma ya ce lakar da ke fitowa ta fara kawo ɓaraguzan bango.

Injiniya ya iso bayan kasuwa ta watse da 'yan kwanaki, da hantsi, a motar da ta sha hanya. Direba ya tare shi da wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa, ya ce, "Bawana, sai yanzu? Ko ka tsaya cin barkono?" Injiniya ya ce, "Na ji an ce Bagobiri ya haƙa rami ya manta inda ya sa ruwan." Dariyar farko ke nan da aka yi a wurin tun ranar da aka tsai da aiki.

Aka zura na'ura. Ta yi nisa kaɗan ta tsaya cak. Ramin ya tsuke. Na dubi fuskar Yaya, na ga leɓɓansa suna motsi. Aka jawo ta, direba ya mai da sanduna ya share wurin a hankali, aka sake zurawa bayan azahar. Wannan karon ta wuce har ƙasa. Injiniya ya shimfiɗa takardar a kan murfin mota, ya nuna inda layin ya kumbura.

Yaya ya ce, "Ɗana, kahin in duba, wayar ga an gwada ta da sanda?"

Aka shimfiɗa wayar a ƙasa kusa da sandunan haƙa, aka tarar alamominta sun ɗan zarce, saboda ta miƙe da yawan aiki. Injiniya ya gyara lissafinsa. Yaya ya ce a sake zurawa, a ga ko za ta maimaita maganarta. Mutanen gari suka yi guna-guni. Injiniya ya ce, "Ku yi haƙuri, Baba Malam ya yi gaskiya. Mu ma haka aka koya mana, gaggawa ce take sa mu tsallake." Aka sake. Layi na biyu ya hau kan na farko kamar an kwafa.

Rairayin ba ya inda tsibin ƙasa ya nuna. Wurin yumɓu ne zalla. Rairayin yana kusa da inda direba ya ji, amma ya fi shi zurfi da kimanin sanda guda, ta yadda da an bi hannun direba kaɗai, da rabin rariyar ya tafi a banza. Yaya ya koma ga jerin ƙasar, ya karanta wancan jerin daga dama, ya ga ya dace da takardar. Sa'an nan ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwoyinsa, ya ce, "Yanzu na tabbatar."

Kafin a ɗauko bututu, ya sa aka kafa turke a gefen hagu na filin jerin, ya ɗaura masa farin ƙyalle, ya gaya wa ma'aikata cewa daga yau duk inda za a haƙa, turke ne farkon abin da za a kafa, kuma daga gindinsa ake fara jeri. Baffa yana tsaye yana kallo. Ya dubi turken, ya dubi hannunsa na dama, ya daɗe a haka. Sai ya juya ya nufi gidan yayansa, ba tare da ya yi wa kowa sallama ba.

Ruwa ya fito washegari da la'asar sakaliya. Babu baƙo, babu kiɗa, ragon ma an riga an yanka. Ya fara zuwa ja, ya koma fari-fari, sa'an nan ya washe. Mata suka yi guɗa, yara suka shiga ƙarƙashinsa da rigunansu. Yaya yana can gefe yana duba ko akwai rairayi a cikin abin da ya tara a tafin hannu.

Sai taron ya dare. Dagaci ne tafe, Baffa na biye da shi, matar Yaya a bayansu riƙe da sabuwar ƙwarya. Yaya ya tuɓe takalma ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. Na matsa kusa, domin na ɗauka za a sake bukatar ɗan aike. Dattijon ya ɗaga mini hannu ya ce, "Zauna, Malam. Yau ba ni son tahinta."

Ya karɓi ƙwaryar, ya tara da kansa har ta cika, ya kurɓa, ya yi hamdala. Sa'an nan ya tako har gaban Yaya, ya miƙa masa da hannu biyu.

Kowa ya san Yaya ba zai iya sha a gaban surukinsa ba, kuma ba zai iya mai da hannun dattijo ba. Na ga zufa tana bin gemunsa.

Dagaci ya ce, "Karɓi. Ƙanena ya hwaɗa mani komi. Ka bar ni ina zagin mutum kwana da kwanaki, shina riƙe da mutuncin gidana. Sha, in gani da idona. Ba ni son a ce mani an ce."

Yaya ya karɓa da hannu biyu. Ya ja gwiwa a hankali ya juya wa dattijon baya, ya fuskanci bangon wata gona, ya ja gefen rawani ya kare fuskarsa, ya sha. Dagaci ya tsaya a kansa har ya shanye, sa'an nan ya ce wa ɗiyarsa, "Karɓi ƙwaryarki. Ya sha, na tabbatar."

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Mun shaida bai faɗi abin da bai sani ba, kuma ya rufa asirin wanda bai yi nufin ɓarna ba. Ka rufa nasa asirin ranar da ake tone asirai. Ka yalwata masa makwancinsa, ka sauƙaƙa masa tambaya, ka shayar da shi daga tafkin Manzonka. Ka ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri, mu kuma ka kyautata namu ƙarshen. Amin.